Duniyar Kimiyya: Awon Ƙyallin Duniya, Mudu Ɗaya Bai Isa Ba

Duk wanda ya taɓa fita duban jinjirin wata da magariba ya san abin da wannan fili zai tattauna a makon nan, ko da bai san sunansa ba. A dare na biyu ko na uku, idan sama ta yi garau, ban da siririn laujen nan mai haske akan hango sauran jikin watan a kewaye, yana ɗauke da wani haske dishi-dishi mai launin toka. Hasken rana ne wannan, amma ya sha doguwar tafiya: ya sauka a kan duniya, duniya ta mayar da shi sama, ya bugi wata, sa'an nan ya komo cikin idon mai kallo. Watau ita ma duniya tana ƙyalli. Da a ce akwai mutum a tsaye a kan wata a irin wannan dare, da farin duniya zai gani, kamar yadda mutanen ƙasa suke ganin farin wata ran sha huɗu. Mai zanen nan na ƙasar Italiya, Leonardo da Vinci, ya bayyana asalin wannan haske tun farkon ƙarni na 16.

Yawan hasken da duniya take mayarwa sama shi masana ke kira albido, a nan kuwa za a ce masa ƙyallin duniya. Lissafinsa ba shi da wuyar fahimta. Idan aka raba hasken rana da ke isowa a kan faɗin duniya duka, aka haɗa dare da rana, rani da damina, kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 340. Daga ciki duniya tana mayar da kusan wat 100, watau kimanin kashi 29 cikin ɗari, saura kuwa ta shanye. Abin da ta shanye ɗin nan shi ke ɗumama ƙasa da teku, shi ke tayar da hadari, shi ke nunar da hatsi a gona.

Ba kowane wuri ne yake ƙyalli daidai da ɗan'uwansa ba. Wanda ya taɓa sa baƙar riga cikin ranar bazara ya san bambancinta da fara. Teku ita ce baƙar rigar duniya, domin abin da take mayarwa bai wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari ba. Daji mai duhuwa yakan mayar da kashi 10 zuwa 15, rairayin Sahara kashi 30 zuwa 40, sabuwar dusar ƙanƙara kuwa fiye da kashi 80. Amma uban tafiya shi ne gajimare, gama kusan rabin dukan hasken da duniya ke mayarwa shi ke mayar da shi.

To, me ya sa masana suka damu da wannan adadi haka? Dalili shi ne, ƙanƙanin canji a cikinsa babban al'amari ne. Idan ƙyallin ya sauka daga kashi 29 zuwa 28, duniya za ta ƙara shanye wat 3.4 a kowane murabba'in mita, abin da ya yi kusa da zafin da za a samu in da an ninka iskar kabon da ke sama sau biyu. Kada mai karatu ya raina wat ɗaya. Faɗin duniya murabba'in kilomita miliyan 510 ne, saboda haka wat ɗaya a kowane murabba'in mita ya fi ƙarfin madatsar ruwa irin ta Kainji guda 600,000 suna aiki ba tsayawa, ya kuma ninka dukan makamashin da 'yan adam ke amfani da shi fiye da sau 20. Ma'aunin da ake bukata ke nan shi ne wanda zai iya gane ɓatan wat ɗaya daga cikin 340, ya kuma riƙe gaskiyarsa shekaru da yawa yana can sama inda ba mai iya zuwa ya share masa ido.

Daga Hasashe Zuwa Awo

Kafin zamanin tauraron ɗan adam, lissafi da kintace aka dogara da su. Masanan farkon ƙarni na 20 sun ba da adadi iri-iri, daga kashi 35 har zuwa sama da 40. Wani Bafaranshe masanin taurari, André Danjon, ya shafe shekaru yana auna hasken nan mai launin toka na jikin wata yana gwada shi da hasken lauje, a ƙarshe ya tsaya a kan kashi 36. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sun san kimar, mudun ne ba su da shi.

Mudu na farko ya tashi sama cikin watan Oktoba na 1959, a jikin tauraron Amurka mai suna Explorer 7. Wani malamin Jami'ar Wisconsin, Verner Suomi, shi da abokin aikinsa Robert Parent suka ƙera na'urar. Dabararta mai sauƙi ce: 'yan ƙananan ƙoƙuna ne, wani baƙi wani fari. Baƙin yana shanye hasken rana da zafin da ke tashi daga ƙasa gaba ɗaya, farin kuwa yana ture yawancin hasken rana, sai a gwada ɗuminsu a fitar da lissafi. Bayan an tara awon taurari da dama na shekarun 1960, sai Suomi da almajirinsa Thomas Vonder Haar suka bayyana a 1971 cewa ƙyallin duniya kashi 30 ne. Ashe duniya ta fi yadda littattafai suka ɗauka duhu.

Daga nan sai taurari suka yi ta bin sawun juna. Nimbus 7 ya tashi a 1978. A Oktoban 1984 kumbon Challenger ya saki tauraron ERBS, wanda ya yi aiki har 2005. Shi ne ya shaida abin da ya faru bayan da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a Yunin 1991, ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyoyi can ƙololuwar sama. Ƙyallin duniya ya ƙaru nan da nan, zafinta kuma ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. Sa'an nan hukumar NASA ta kawo na'urorin da ake kira CERES, waɗanda aka ɗora wa tauraron Terra a Disamban 1999, da Aqua a 2002, da Suomi NPP a 2011, da NOAA-20 a 2017. Ƙasashen Turai sun ɗora tasu na'urar mai suna GERB a kan taurarin Meteosat, Faransa kuma ta ƙera ScaRaB, wadda ta hau taurarin Rasha, daga baya ta hau wani na haɗin gwiwa da Indiya a 2011.

Wahala Uku

Mai karatu zai iya tambaya: tun da na'ura ɗaya za ta iya awo, mene ne amfanin tara su haka? Amsar tana cikin wahala uku da kowane tauraro ke fuskanta.

Ta farko ita ce ta kusurwa. Sabon kwanon rufi yakan kashe idon wanda ya tsaya ta gabas da shi, alhali wanda ke yamma bai ga wani ƙyalli ba. Haka teku da gajimare da ƙanƙara suke: kowanne yana watsa haske ta fuskoki dabam-dabam, ba daidai wa daida ba. Tauraro kuwa ta fuska ɗaya yake kallon wuri a lokaci guda. Dole ne masana su fara gane abin da ke ƙarƙashinsa, ko ruwa ne, ko hamada, ko gajimare mai kauri ko siriri, sa'an nan su lissafa hasken da ya tafi ta sauran fuskokin da ba a gani ba. Don haka ne ake haɗa CERES da wata na'urar ɗaukar hoto a kan tauraro ɗaya.

Ta biyu ita ce ta lokaci. An tsara Terra ya riƙa ratsa tsakiyar duniya da ƙarfe 10:30 na safe, Aqua kuwa da ƙarfe 1:30 na rana, dukansu a nisan kilomita 705 daga ƙasa. Gajimare kuma ba ya zama wuri ɗaya yini guda. Shimfiɗaɗɗen gajimaren da ke rufe teku a gaɓar Namibiya da Peru da Kalifoniya yakan yi kauri da safe ya sirance da rana, alhali a kan tudu, kamar yadda kowane manomi ya sani, sai bayan azahar hadari ke haɗuwa. Wanda ya auna da safe kaɗai da wanda ya auna da rana kaɗai ba za su ba da labari ɗaya ba. A nan ne taurarin da ke tsaye a wuri ɗaya suke da rana. Meteosat yana nisan kusan kilomita 36,000 daidai saman tekun Gini, yana kallon Afirka da Turai ba ƙiftawa, na'urar GERB kuwa tana ba da awo kowane minti 15. Sai dai shi ma ɓangare ɗaya na duniya yake gani.

Ta uku, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce ta tsufa. Mudun da ya daɗe a kasuwa bakinsa yakan cinye, gindinsa ya lotsa, mai shi kuma bai sani ba sai ran da aka gwada shi da na maƙwabci. Na'urar da ke sama haka take. Hasken rana yana cin ta, datti yana taruwa a idonta, hanyar da take bi tana gocewa. Idan idonta ya dushe da kashi ɗaya cikin ɗari, za ta ce duniya ta yi duhu da wat ɗaya, alhali kuwa ita ce ta fara makancewa.

Sa'ad Da Shaidu Suka Saɓa

Wannan ba tsoron banza ba ne, domin ya faru har sau biyu a idon duniya. A 2002 aka buga wani nazari da aka gina a kan awon ERBS, wanda ya nuna canji mai yawa a zafin da ke fita daga yankunan tsakiyar duniya tsakanin shekarun 1980 da na 1990, har aka shiga zargin cewa lissafin masana yanayi yana da babban giɓi. Da aka koma aka bincika, sai aka tarar tauraron ya yi ta gangarowa sannu a hankali har ya sauko da kimanin kilomita 25, ba a kuwa sa wannan cikin lissafi ba. Wanda ya matso kusa da murhu dole ya ji ƙarin zafi ko ba a ƙara itace ba. Bayan gyaran da aka buga a 2006, yawancin abin mamakin ya gushe.

Karo na biyu ya fi armashi. A tashar nazarin rana ta Big Bear a Kalifoniya, Philip Goode da Enric Pallé da abokan aikinsu sun farfaɗo da hanyar Danjon ta auna hasken jikin wata, da kayan aiki na zamani. A 2004 suka bayyana cewa ƙyallin duniya ya ƙaru ƙwarai daga 2000 zuwa 2003, da kimanin wat 6. Shekara guda bayan haka Bruce Wielicki da masu kula da CERES suka ce sam, su raguwa suka gani ta kimanin wat 2 a daidai wannan lokaci. Ga shaidu biyu, wani ya ce gabas wani ya ce yamma, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta ninka tasirin ninka iskar kabon sau biyu.

Gardama ba ta raba su ba, awo ne ya raba su. Tauraron Terra yana ɗauke da na'urar CERES guda biyu, kuma da aka gwada su da juna sai aka lura cewa wadda aka fi sa wa juye-juye, har takan fuskanci inda tauraron ya dosa, ita ta fi saurin dushewa. Wani datti ne ke taruwa a idonta, hasken rana yana gasa shi, yana tare shuɗin haske. Aka sake tsarin aikinta, aka gyara lissafin baya, aka kuma gwada sakamakon da na wasu na'urori masu auna gajimare da launin teku. Su ma mutanen Big Bear suka koma kan nasu lissafin, gama dararen da suka samu a wasu shekaru ba su da yawa, kuma daga tasha ɗaya ba a ganin hasken dukan duniya. Da ƙura ta lafa sai ya bayyana cewa a waɗannan shekaru ƙyallin duniya bai yi wani motsin a zo a gani ba. Kowane ɓangare yana da nasa kuskure, kuma da ɗayansu ne kaɗai a fage, da an rubuta kuskurensa a littafi an koyar da shi a makaranta.

Teku Ta Zama Alƙali

Akwai wata matsalar kuma da gwada tauraro da tauraro ba ya warwarewa. Na'urar CERES gwana ce wajen gane canji daga bara zuwa bana, amma ba ta iya faɗin ainihin adadin daidai har zuwa wat ɗaya. A 2009 Norman Loeb, wanda ya jagoranci aikin a cibiyar NASA ta Langley, ya nuna cewa in aka ɗauki awon yadda ya zo, zafin da ke shiga duniya ya fi wanda ke fita da wat 6.5. Da haka ne, da teku ta ɗumama da saurin da kowa zai gani. Saboda haka sai aka nemi alƙali daga ƙasa.

Alƙalin shi ne teku, domin kimanin kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ke tarawa a cikinta yake taruwa. Ƙasashe da yawa sun haɗu sun watsa na'urori masu iyo kusan 4,000 a tekunan duniya ƙarƙashin shirin Argo. Kowace takan nutse har zurfin mita 2,000, ta taso bayan kwana goma tana auna zafi da gishirin ruwa, ta aika da labari ta tauraro, ta sake nutsewa. Da wannan awo ne aka daidaita bakin mudun CERES sau ɗaya, sa'an nan aka bar kowanne ya ci gaba da aikinsa ba tare da leƙa na ɗan'uwansa ba.

A 2021 Loeb da masanan teku na hukumar NOAA suka ajiye sakamakon biyun gefe da gefe. Na sama da na cikin ruwa duka suka nuna abu ɗaya: rarar zafin da duniya ke tarawa ta ninka kusan sau biyu daga 2005 zuwa 2019, daga kimanin rabin wat zuwa kimanin wat ɗaya, kuma babban dalilin shi ne ƙarin hasken rana da duniya ke shanyewa. A cikin shekarar ne kuma mutanen Big Bear suka fitar da awon shekara ashirin, daga 1998 zuwa 2017. Su ma raguwa suka gani, ta kimanin rabin wat, wadda yawancinta ta faru a shekaru ukun ƙarshe. Raguwar da CERES ta nuna ta ninka tasu kusan sau biyu, watau har yanzu akwai saɓani a kan yawa, amma hawa da saukar shekara-shekara sun yi daidai, kuma duka sun fuskanci wuri ɗaya. Shaidu uku ke nan, wata da tauraro da teku, waɗanda ba su haɗa ido ba, ba su haɗa hanyar kuskure ba.

Duniya Tana Duhu

Abin da suka haɗu a kai shi ne duniya tana ƙara duhu. Bisa awon CERES, daga 2000 zuwa farkon shekarun 2020 ƙyallinta ya ragu da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, watau ƙarin fiye da wat ɗaya da rabi a kowane murabba'in mita. Shekarar 2023 ta zo da zafin da ba a taɓa aunawa ba kafin ita, har ya wuce abin da masana suka zata, kana 2024 ta zo ta shafe ta. A Disamban 2024 Helge Goessling da abokansa na Cibiyar Alfred Wegener ta Jamus suka nuna cewa a 2023 ne ƙyallin duniya ya yi faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara wannan awo, kuma wannan faɗuwa ta isa ta cike giɓin kimanin digiri 0.2 da aka rasa bayaninsa.

Narkewar ƙanƙarar tekunan arewa da kudu tana da nata kaso, amma ba ita ce babba ba. Mafi yawan raguwar daga gajimaren ƙasa-ƙasa take, musamman a kan tekun Atlantika da sauran tekunan arewa. A kan dalilin ƙaurar wannan gajimare ne masana suka kasu. Wasu suna ganin jujjuyawar teku ce ta al'ada, wadda za ta komo da kanta. Wasu sun ce tsabtar iska ce ta jawo, domin hayaƙin farar wuta yana mayar da haske da kansa, yana kuma sa gajimare ya ƙara fari. Ƙasar Sin ta rage irin wannan hayaƙi ƙwarai, sa'an nan daga 1 ga Janairun 2020 dokar duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. An ceci huhun jama'a, amma an yaye wata rumfa da ba a san girmanta ba. Zance na uku shi ya fi tayar da hankali: cewa ɗumamar teku ce da kanta ke korar gajimaren, rashinsa kuma yana ƙara ɗumama tekun. In wannan ne gaskiya, to, zafin da ke tafe zai fi yadda aka yi tsammani.

Inda Zancen Ya Taɓa Sahel

Wannan awo ya taɓa shiga rayuwar mutanen arewacin Nijeriya da Nijar kai tsaye. Bayan farin 1973, wani mashahurin masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo wata shawara a 1975. Awon tauraro ya riga ya nuna masa cewa Sahara tana mayar da haske da yawa har tana asarar zafi. Sai ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itatuwa, ƙasa za ta yi fari ta ƙara ƙyalli, iska ta daina tashi sama, ruwa ya ragu. Lissafinsa yana da ma'ana, kuma mutane da yawa suka ɗauke shi suka ɗora laifin fari a kan makiyayi da manomi. Amma da aka auna ƙyallin ƙasar Sahel da taurari na tsawon shekaru, sai aka ga canjin bai kai wanda ya sa cikin lissafinsa ba. Masanan hukumar yanayi ta Ingila a 1986, da Alessandra Giannini da abokanta a 2003, suka nuna cewa zafin ruwan tekuna ne ya fi juya damanar Sahel. Wasu nazarce-nazarcen kuma suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru, ya taimaka wajen tura ruwan sama kudu. Awo ne ya sauke wa talaka kayan da ba shi ya ɗaura ba.

Har ila yau, a 2006 an girke wata tashar awo ta Amurka a filin jirgin saman Yamai shekara guda cur, tana auna hasken da ke isowa ƙasa, yayin da GERB ke auna wanda ke komawa sama. Cikin watan Maris na shekarar wata gagarumar ƙura ta taso daga Sahara ta rufe birnin, aka samu damar auna ta daga sama da ƙasa a lokaci ɗaya, aka ga yadda hazo ke tare hasken rana, ya mayar da wani sama, ya shanye wani a cikin iska.

Akwai kuma wani abin al'ajabi da taurari suka gano tun da daɗewa. Rabin duniya na arewa ya fi yawan tudu da hamada da hayaƙi, na kudu ya fi yawan teku, amma duk da haka ƙyallinsu kusan daidai yake, domin gajimaren kudu yana cike giɓin. Wani nazarin Loeb da abokansa na 2025 ya nuna cewa wannan daidaito ya fara karkata, arewa ta fi saurin yin duhu. Tun da yake layin ruwan sama na tsakiyar duniya yakan karkata wajen ɓangaren da ya fi ɗumi, kuma wannan layi shi ke kawo damina daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, lalle zance ne da ya kamata hukumomin yanayi da na aikin gona su sa wa ido.

Kada Igiyar Ta Tsinke

Dukan wannan sani ya rataya ne a kan abu ɗaya: kafin tsohon tauraro ya mutu, sabo ya tashi su yi aiki tare na wani lokaci, a gwada mudun wannan da na wancan. Idan aka bar giɓi a tsakani, ba yadda za a yi a san ko bambancin da aka gani daga duniya yake ko daga sabuwar na'ura. Terra da Aqua an ƙera su ne don aikin shekara shida, ga shi kowannensu ya haura ashirin. Tun farkon shekarun 2020 aka daina gyara musu hanya saboda ƙarancin mai, lokacin wucewarsu ya yi ta gocewa daga inda aka tsara. Na'urar da ke kan NOAA-20 ita ce CERES ta ƙarshe da aka ƙera. Turai da Japan sun harba tauraron EarthCARE a Mayun 2024 domin nazarin gajimare da hazo da haske, abin da zai taimaka ƙwarai. Amma magajiyar CERES ta ainihi ita ce wata na'ura mai suna Libera, wadda aka tsara harbawa a 2027. An zaɓi sunan ne domin a tatsuniyar Rumawan dā Libera 'yar Ceres ce.

Ko 'yar za ta iske uwar da rai, wannan ya dogara ga kasafin kuɗin gwamnatocin da ke da taurarin, da kuma lafiyar na'urorin da suka tsufa. Ƙasashen da ba su da irin waɗannan taurari ba 'yan kallo ba ne, gama awon a buɗe yake ga kowace jami'a da ta nema, kuma tashoshin ƙasa masu auna hasken rana da ƙura, irin wadda aka daɗe ana gudanarwa a Jami'ar Ilori, suna daga cikin mudun da ake gwada na sama da su. Kula da irin waɗannan tashoshi, da horar da matasan da za su riƙe su, aiki ne da bai fi ƙarfin Nijeriya da maƙwabtanta ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, ba a kuwa gwaji da mudu ɗaya.